Horon Shugaban Makaranta: Karatun Jami'a da Koyon Aiki a Karkara



Ina godiya ga ƙungiyar ɗalibai da ta ba ni wannan dama in yi magana a kan yadda ake shirya mutum ya zama shugaban makaranta, wato firinsifal ko hedimasta. Magana ɗaya nake so in kafa a gabanku yau. Karatun da ake yi a jami'a kan sha'anin mulkin makarantu wajibi ne, amma bai isa a miƙa wa mutum makullin ofis ba, sai ya haɗa shi da shekara guda cur ta koyon aiki a ƙarƙashin gogaggen shugaba. Kuma ga wanda za a tura karkara, a makarantar karkara ya kamata ya yi wannan shekara.

Bari mu fara da waiwayen baya. Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito daga Kwalejin Katsina ya kama aikin koyarwa a Midil ta Bauchi a 1933, bai zama hedimasta ba sai a 1941, sa'an nan a 1945 ya tafi Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar Landan. Malam Aminu Kano ma a wannan Midil ɗin ya koyar kafin ya bi sawunsa zuwa Landan. A wancan zamani makarantu kaɗan ne, saboda haka malami yakan yi shekaru yana kallon yadda na gaba da shi ke tafiyar da al'amura kafin a ɗora masa nauyi. Da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, sai makarantu suka yawaita cikin ɗan lokaci, daga baya kuma tsarin 6-3-3-4 da shirin ilmin bai ɗaya na 1999 suka ƙara yawan ƙananan sakandare. Kowace makaranta tana bukatar shugaba, alhali kuwa babu lokacin renonsa. Daga nan al'ada ta zauna a kan duba daɗewa a aiki da matakin albashi. Sau da yawa malamin da ya fi kowa iya koyar da lissafi shi ake cirewa daga aji a ba shi ofis, sai a yi rashi biyu: aji ya rasa gwani, ofis kuma bai sami gwani ba.

Ba a zauna haka nan ba, gaskiya ne. An kafa Cibiyar Tsarawa da Gudanar da Ilmi ta Ƙasa a Ondo a 1992, kuma a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello ana ba da digiri na biyu a fannin gudanar da ilmi. Kada kowa ya raina wannan karatu. A nan ne mutum zai san dokar da ta kafa makaranta da iyakar ikonsa, da yadda ake tsara kasafin kuɗi, da yadda ake shiga aji a duba darasin malami ba tare da an ci masa fuska ba, da yadda ake karanta sakamakon jarrabawa a gane inda rauni yake. Shugaban da bai san waɗannan ba zai yi ta mulki da kirdado, ko ya kwaikwayi duk abin da ya tarar, mai kyau da marar kyau.

To, yanzu ku ɗauka an ba ɗayanku takarda an tura shi wata sakandare a ƙasar Bichi, ko Ɗambatta, ko Minjibir, ko Dawakin Tofa. Wannan yanki shi ne masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya fara nazari a kansa tun shekarun 1960, saboda yawan jama'arsa da yadda ake noma kowane taƙi na ƙasa duk shekara ba tare da an bar gona ta huta ba. Gonaki ƙanana ne, an raba su tsakanin magada, kuma taki da aikin hannu ne ke riƙe da su. Ma'anar wannan ga makaranta ita ce, hannun yaro ɗan shekara goma sha huɗu yana da daraja a gidansu. Uban da ya hana shi zuwa aji ranar shuka ba lallai ne maƙiyin boko ba. Lissafin abincin shekara yake yi.

Ku bi shekarar karatu ku gani. Zangon farko yana buɗewa a watan Satumba, daidai lokacin da gero ya nuna, daga nan sai cirar gyaɗa, sai roron wake, sai girbin dawa. Bayan kaka kuɗi sun shigo hannu, sai bukukuwan aure su tashi, kuma a nan ne sunayen 'yan mata sukan fara ɓacewa daga rajista. Da rani samari suna tafiya ci-rani, ko su nufi birni da kasuwar Dawanau neman na kansu, ko su koma noman rani a bakin madatsun Watari da Tomas. Zango na uku kuwa yana haɗuwa da faɗuwar damina, wato shuka da noman firi, a daidai lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke zaune a jarrabawar WAEC da NECO, kuma iskar farkon damina tana iya yaye rufin aji a dare ɗaya. Ga ranar kasuwa kowane mako, ga malamai da yawa da ke zaune a birni suna biyo mota kullum safiya.

Kowanne daga cikin waɗannan yana bukatar shawara daga shugaba, kuma babu littafin da ya rubuta amsar. Wane ne za a fara gani idan yarinya ta daina zuwa, mahaifinta, ko mai unguwa, ko liman? Yaya ake roƙon kwamitin gudanar da makaranta na al'umma ya tara kuɗin kwano da ƙusa ba tare da an karya dokar ilmi kyauta da Jihar Kano ta shelanta a 2019 ba? Me za a yi da malamin da ya girmi shugaba, kuma yake latti? Wanda ya ga gogaggen shugaba yana warware irin waɗannan sau biyu ko uku, ya kuma gwada da kansa aka gyara masa, ya sami abin da lacca ba ta bayarwa. Gani ya kori ji.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. A tsangaya gardi yakan riƙe ƙolawa da tittibirai a gaban idon malaminsa shekara da shekaru kafin ya buɗe tasa makarantar. Likita ba ya cin gashin kansa sai ya yi shekara guda ta gwaji a asibiti. Ku kanku da ke karatun malanta kuna fita koyarwar gwaji kafin a ba ku shaida. A waje kuma, Ingila ta ɓullo da takardar shaida ta musamman domin shugabannin makarantu a 1997, har ta wajabta ta ga sababbin shugabanni daga 2004 zuwa 2012, Singafo kuwa tun 2001 take janye waɗanda ta zaɓa daga aiki na wasu watanni domin horo. Idan wanda zai riƙe aji guda sai ya yi gwaji, ina dalilin yafe wa wanda zai riƙe makaranta duka?

Ga yadda nake ganin ya dace a tsara abin. Bayan karatun aji, a tura mai neman shugabanci wata makaranta wadda ba tasa ba, daga Satumba zuwa Yuli. A ba shi aiki na gaske: shi zai tsara jadawalin darussa, ya riƙe rajistar ɗalibai da littafin kuɗi da littafin tarihin makaranta, ya shugabanci taron malamai da na iyaye, ya bi sawun yaran da suka daina zuwa har gidajensu. Malaminsa na jami'a ya riƙa ziyartarsa, kuma a auna shi da abin da ya sauya a makarantar, kamar yawan yaran da suka dawo aji, tare da rahoton da ya rubuta.

Za a ce abin yana da tsada. Amma wanda za a tura ma'aikaci ne mai cin albashi tun da ma, kuma makarantar da ya je ta sami ƙarin hannu. Za a kuma ce, idan shugaban da aka haɗa shi da shi maha'inci ne fa? Wannan tsoro yana da tushe, shi ya sa bai kamata a bar zaɓen masu horarwa ga sanayya ba. Sai jami'a da Ma'aikatar Ilmi su zauna tare su zaɓi waɗanda aikinsu ya shaide su. A kuma tanadi masauki mai mutunci domin malamai mata su shiga shirin, gama iyaye a karkara sun fi sakin jiki da makarantar 'yan mata idan mace ce a kanta.

'Yan'uwa ɗalibai, a 2024 Gwamnatin Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi. Ana iya gina azuzuwa a sayi kujeru, amma wanda zai tabbatar an buɗe ajin da ƙarfe takwas, malami yana ciki, yaro yana ciki, shi ne shugaba. Da yawanku daga waɗannan ƙauyuka kuka fito, kuma nan da shekaru kaɗan ku za a miƙa wa makullin. Ina roƙonku ku nemi a sa wannan shekara ta koyon aiki cikin tsarin karatunku, kuma idan lokacin koyarwar gwaji ya zo, kada duk ku yi rububin makarantun birni. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kuma ba mu ikon riƙe amanar 'ya'yan jama'a.