JAWABIN KWAMITIN AJIN KARATUN MANYA A BIKIN CIKAR EKKLISIYARMU SHEKARA HAMSIN

  

An ba kwamitinmu ɗan lokaci mu yi magana a kan ajin karatun manya. A cikin wannan ɗan littafi na biki za ku ga hotunan gini da jerin sunayen masu hidima. Ba za ku ga hoton malaman ajin yamma ba, gama ba wanda ya tuna ya ɗauke su hoto. Duk da haka akwai tsofaffi a nan yau da suke karanta wannan shafi da idonsu saboda waɗannan malamai, har da waɗansu daga cikin mu 'yan kwamiti.

Aikin bai fara da mu ba. Likita Miller na Mishan ɗin C.M.S., wanda ya zauna a Zariya, shi da abokan aikinsa sun yi shekaru suna fassara, har aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932. Amma littafi a hannun wanda bai iya karatu ba, kaya ne kawai. Saboda haka majami'u da yawa a ƙasar Arewa suka haɗa ajin baftisma da ajin karatu, mai bishara kuwa ya zama malamin a, b, c kafin ya zama mai wa'azi. A 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam yana editanta. A farkon shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Kumasi na Katsina ya shahara wajen jagorancinsa. Aka buɗe azuzuwa a ƙauyuka, aka buga ƙananan jaridu domin sababbin masu karatu: Himma a Katsina, Sodangi a Kano, Zaruma a Sakkwato, mu kuma na Lardin Zazzau aka ba mu Bazazzaga. Daga baya, a 1980, Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya, Gwamnatin Tarayya ita ma ta kafa tata a 1990.

Gwamnati ta kawo allo da alli da littafi, mun gode. Amma duk wanda ya taɓa zama cikin irin wannan aji ya san inda maganar take. Ƙauye biyu za su sami littafi iri ɗaya. A ɗaya ajin zai watse kafin a gama sussukar dawa, a ɗayan kuwa har damina ta faɗi mutane suna roƙo a ci gaba. Bambancin yana wurin malami.

Ku duba abin da babba yake ɗauke da shi ranar da ya shigo aji. Magidanci ne mai 'ya'ya, ana jin maganarsa a gida da kasuwa, ya san ƙasar da za ta ba da masara da wadda sai gero. Ga shi yanzu a kan bencin yara, yana riƙe da fensir kamar ƙotar fartanya, hannu na rawa. Abin da ya fi tsoro shi ne dariya. In aka yi masa ita sau ɗaya, gobe zai ce ƙafa na ciwo, jibi ya ce yana da baƙi, shi ke nan an rabu. Malamanmu na kirki sun gane wannan. Ba su ta da dattijo tsaye ya amsa tambaya a gaban jama'a. Sukan sauko daga gaban allo su zauna kusa da shi a benci ɗaya, su ce, “Baba, mu duba tare.” Masu karanta Ayyukan Manzanni za su tuna cewa Filibus ma hawa karusa ya yi ya zauna kusa da mutumin Habasha kafin ya buɗe masa ma'anar abin da yake karantawa.

Akwai abin da baƙo ba zai lura da shi ba. A ƙasarmu suruki ba ya son ya yi tuntuɓen harshe a gaban surukinsa, matar ɗa kuma ba za ta ɗaga murya tana ba, be, bi, bo, bu a gaban uban mijinta ba. Malamin da ya jera su a aji ɗaya domin sauƙin kansa, zai ga rabin ajin bebaye ne, ya ɗauka ƙwaƙwalwa ce babu. Wanda ya san mutanensa yakan raba lokaci: mata da rana bayan an sauke tukunya, maza da dare a hasken fitilar ƙwai. Haka kuma ba ya faɗa da damina. In ruwa ya sauka, gona ce ke da mutum, sai a sassauta a jira kaka.

Wani abin kuma shi ne ido. Yawancin mutane in sun haura shekara 40 ganinsu na kusa yakan ragu. Mutum yana hango saniya a bakin daji sarai, amma baƙaƙen littafi sun zama masa tururuwa. Uwaye da yawa sun bar aji suna cewa kansu ya toshe, alhali tabarau ne kawai suke bukata. Malamin da yake kallon ɗalibinsa, ba allonsa kaɗai ba, shi ne zai ga yadda take nisantar da littafi daga fuska, ya rubuta mata manyan baƙaƙe, ya kuma ba da shawara a je a gwada idon. Hannun da ya saba da fartanya ma yakan fara da yatsa a kan rairayi kafin a ba shi fensir, gama rairayi ba ya ajiye kuskuren mutum.

Sau da yawa mukan ji ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne ga tarbiyya, amma ba mu yarda a rufe ƙofar aji da wannan karin magana ba. Rubutun Hausa na boko yana bin lafazi, yadda ka faɗa kusan haka za ka rubuta. Babba ya riga ya san kalmomin, ya san abin da yake so ya karanta, shi ya sa in ya sami mai haƙuri da shi yakan yi sauri. Mai wuyar sha'ani shi ne ɗan'uwan da Gbagyi ko Kamuku ne harshen gidansu, wanda yake koyon baƙaƙe da Hausar littafi a lokaci ɗaya. Irinsa yana bukatar malamin da ba zai ji nauyin tsayawa ya tambaye shi yadda ake faɗin abin da harshensu ba. Kada mu manta kuma, maƙwabtanmu da yawa da ake rubutawa cikin marasa ilimi suna karatu da rubutu da ajami tun suna yara. In irinsu suka zo ajinmu, masu ilimi ne suka zo ƙarin wani.

Me karatun ya canja? Farkon abin da malamanmu suke koya wa mutum shi ne sunansa, kuma da dalili. Wanda ya yi shekara arba'in yana dangwala yatsa a tawada, ranar da ya sa hannu a takarda da alƙalami yakan fito da wata irin tafiya. Daga nan sauran suke biyowa. Uwa ta karanta katin asibiti ta san ranar rigakafi da yawan maganin da za ta ba yaro. Manomi ya karanta jikin kwalbar maganin feshi, ya daina aunawa da ka. Mai sayar da hatsi ta rubuta bashinta. Gwauruwa ta karanta wasiƙar ɗanta da ke aikin soja ba tare da asirin gidanta ya bi ta bakin wani ba. A yau ga wayar hannu da katin banki, kuma wanda bai iya karatu ba dole ya ba wani lambar sirrinsa. A cikin sujada kuwa, ku tambayi Zumuntar Mata daga ina suka sami magatakarda da ma'aji a shekarun farko.

'Yan'uwa, ba domin tarihi kaɗai muka tsaya a nan ba. Kun san abin da dajin nan ya jawo mana. Shekaru da dama 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka, makarantu da yawa suka rufe, malamai suka gudu. A watan Nuwamba 2024 aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan sulhun da Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi, mun kuwa gode wa Allah. Amma yaron da aka rufe makarantarsu yana aji biyu, yau saurayi ne mai gemu, yarinyar kuma tana goye da ɗa. Ba za su koma cikin yara 'yan shekara bakwai ba. Waɗansu sun ga abin da bai kamata ido ya gani ba, ƙarar babur kaɗai takan ɗauke musu hankali daga littafi. Waɗannan su ne ɗaliban ajin manya na yanzu, kuma tsawa ba za ta koya musu kome ba.

Kuɗin albashi ba mu da shi. Wani mai mishan Ba'amurke, Frank Laubach, ya gamu da irin wannan rashi a ƙasar Filifin a farkon shekarun 1930, aka fito da tsarin da ya bazu a duniya: duk wanda ya koya, ya koya wa mutum ɗaya. Abin da muke roƙo ke nan a wannan biki. Malamanmu da suka yi ritaya, matasan da suka gama sakandare suna jiran aiki, da iyayenmu da suka fito daga wannan aji, kowa ya ɗauki mutum ɗaya, ko na majami'a ko maƙwabci, daga kaka zuwa faɗuwar ruwa. Dattawa sun yarda a yi amfani da bencin Makarantar Lahadi. Muna bukatar alli, fensir, littattafan rubutu da fitilu masu caji da rana, da kuma mai taimako da kuɗin gwajin ido.

Mai son koyarwa ya ba magatakardan ekklisiya sunansa bayan sujada. Mai son koyo kuwa ba sai ya tsaya a gaban jama'a ba. Ya sami ɗaya daga cikin mu a gida, za mu sa masa lokacin da ya dace da shi.