Gani Ya Kori Ji, Har a Cikin Waƙa



Bana ma 'yan'uwa da yawa sun kawo waƙoƙin biki, shi ya sa za mu ɗan ja hankali. In mace ta rubuta "mun sha wahala", gaskiya ta faɗa, amma mai sauraro zai gyaɗa kai ne kawai. In kuwa ta ce tukunya ta kwana biyu a kife, yara na leƙen murhu, ai jikin kowa sai ya yi sanyi, ko ba ta ambaci yunwa ba.

Haka ma "adashi ya taimake mu". To, da me? A nuna mana keken ɗinkin da aka saya ranar kwasa, mu ji ƙararsa bayan isha'i.

Kakanninmu masu waƙar daka sun san wannan dabara, da habaici suke isar da saƙo ba kiran suna.

Wata rana jikokinmu za su karanta waƙoƙin nan. Mu rubuta yadda za su gane abin da muka sha. Allah ya ƙara mana haɗin kai.