An Duba Ɗa, Uban Fa?

Shugaban ƙungiya, iyayenmu malamai, 'yan ajinmu da sauran 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai, barkanmu da sake haɗuwa. An ba ni minti goma, zan kuwa yi amfani da su a kan wata lalura da ke gidana, wadda na tabbata tana gidajen wasunmu ko da ba a faɗa.

Likitoci suna kiranta otizim. A rediyo za ku ji ana cewa galahanga, sai dai wannan suna mukan ɗora shi a kan lalurori iri-iri da ba su da alaƙa da juna. Otizim yanayin ginuwar ƙwaƙwalwa ne, da shi ake haihuwar mutum, da shi yake tsufa. Mai shi yakan sha wahalar hulɗa da jama'a da gane abin da ke fuskar mutane, yakan maƙale wa abu guda ko tsari guda, ƙara ko haske ko cunkoso kuma sukan dame shi fiye da kowa. Wani ba ya magana sam, wani kuwa har jami'a yake gamawa.

Likita Leo Kanner ne ya fara bayyana ta a Amurka a 1943, bayan ya lura da yara 11. A 1981 wata likita a Ingila, Lorna Wing, wadda ita ma uwar mai lalurar ce, ta jawo hankali ga masu magana da ƙoƙarin karatu waɗanda ba a lissafa su a da. A 2013 likitocin Amurka suka haɗa su duka a ƙarƙashin suna guda. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 yana da ita. Allurar rigakafi ba ta kawo ta. Rahoton 1998 da ya yi wannan zargi an janye shi a 2010. Gado shi ne babban dalili: wani bincike na 2019 a ƙasashe biyar ya kai rabon gado kusan kashi 80 cikin 100. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ɗana na fari shekararsa shida. Ranar da aka duba shi, likita ta tambaya ko yana jera kaya a layi, ko yana toshe kunne in an yi ƙara, ko ransa yana ɓaci in an sauya masa hanya. Duk amsar e ce. Da ta ce akwai mai irin wannan hali a dangi, sai mai ɗakina ta waiwayo ta dube ni.

Ku da muka zauna aji ɗaya kun san dalili. Ranar wasanni a laburare ake samuna. Har yau hanya ɗaya nake bi daga gida zuwa Ƙofar Mata, Kasuwar Kurmi kuwa sai dole. Ranar Hawan Daushe, yara na rugawa kallon 'yan bindiga, ni ina ƙuryar ɗaki. Babu wanda ya ga matsala, domin a cikin birni yaron da ba ya kallon idon manya mai ladabi ne, wanda ba ya surutu mai kawaici ne. 'Ya mace kuwa sai a ce kunya ta yi mata yawa. Haka da yawa cikinmu suka girma ba a sani ba.

To, shin in je a duba ni? Na auna abin ta fuska biyu.

Abin da ke hana ni a fili yake. A lungunanmu magana ba ta kwana. Ina da ƙanne mata biyu da ba su yi aure ba, kun kuma san binciken da ake yi kafin a kai gaisuwa. A ofis ina jiran ƙarin girma. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, tana nan, amma doka ba ta kama raɗar da ake yi a bayan mutum. Sannan babu ƙwayar da ke warkar da otizim.

Abin da ke tura ni ya fi nauyi. Na farko, damuwa da fargaba suna yawan samun manya masu wannan lalura, su kuwa ana maganinsu, in an san tushensu. Na biyu, mai ɗakina ta cancanci ta san cewa tashina da wuri daga wajen biki ba raina danginta ba ne. Na uku, yaron nan wata rana zai tambaya me ya same shi, ina so ya ga mai irin halinsa yana aiki yana riƙe gida. Na huɗu, lokaci. Ba a gano ta da gwajin jini ko hoton kai. Likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayya ne ke zama da mutum ya bi tarihinsa tun daga goyo, wannan tarihi kuma yana wajen Hajiya da gwaggonnina, waɗanda shekaru suka ja. Saboda haka na yanke shawarar zuwa, tare da Hajiya in ta yarda. Mai irin wannan niyya yana iya farawa da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko asibitin Dawanau.

Roƙona biyu ne. Malamanmu da 'yan'uwanmu masu koyarwa, in kun ga yaro mai hazaƙa a fanni guda amma kullum shi kaɗai, ku kira iyayensa kafin ku ɗauki bulala. Shugabanni kuma, ranar 2 ga Afrilu ita ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa otizim tun 2007. Ƙungiyar nan ta gayyato likita ya yi wa malamai da iyaye bayani a makarantarmu a wannan rana.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya raya mana zuri'a.