Bututun Mai da Haƙƙin Garuruwan da Ya Ratsa: Darasi Daga Chadi da Kamaru

 

An ɗora mana nauyin yin magana a kan taimakon da kamfanonin bututun mai da na iskar gas suke yi wa al'ummomin da bututunsu ya ratsa, musamman 'yan asalin wuri waɗanda rayuwarsu ta dogara ga gona da daji. Mai yiwuwa wani ya ce me ya haɗa malamin makaranta da bututu. Abin da ya haɗa mu shi ne, tun watan Yunin 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda hanyarsa ta bi ta Kogi da Abuja da Neja da Kaduna da Kano. Gonakin iyayen ɗalibanmu ne a kan wannan hanya. Haka kuma, duk inda kamfani ya tashi faranta wa gari rai, da wuya ka ji bai ambaci makaranta ba. Saboda haka maganar ta shigo harabarmu, ko mun gayyace ta ko ba mu gayyace ta ba.

Don kada mu yi ta zance a sama, mun zaɓi aiki guda da aka gama shekaru da dama da suka wuce, har aka ga abin da ya haifar, wato bututun Chadi da Kamaru. Hausawa sun ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Wannan bututu ya tashi daga rijiyoyin mai na yankin Doba a kudancin Chadi, ya nufi Kribi a bakin tekun Atilantika a Kamaru, tafiyar kilomita 1,070, mafi yawanta a cikin Kamaru. Kamfanoni uku ne suka haɗa jari: ExxonMobil da kashi 40 cikin 100, Petronas na Malesiya da kashi 35, Chevron da kashi 25. Bankin Duniya ya amince ya sa hannu a watan Yunin 2000, bisa sharaɗin cewa arzikin zai kai ga talaka, mai kuma ya fara gudana a 2003. A lokacin an yi ta yabon aikin, ana cewa shi zai zama abin koyi ga duk ƙasar Afirka da Allah Ya hore wa mai. Taimakon da aka tsara wa jama'a ya zo ta fuska uku, kuma kowace fuska da irin darasinta.

Fuska ta farko ita ce diyya ga mutum ɗaya ɗaya. Wanda aka bi ta gonarsa an ƙidaya masa shukarsa da itatuwansa, an biya shi. A nan ma sai da aka kai ruwa rana, domin farashin da aka fara yankewa a kan itatuwa masu 'ya'ya, irin su mangwaro, ya yi ƙasa ƙwarai da abin da bishiya take samar wa gida a tsawon rayuwarta. Da ƙungiyoyin farar hula suka tashi tsaye suka yi lissafi, sai aka ɗaga kuɗin. Mu lura da wannan: farashin farko bai zama na ƙarshe ba, saboda an sami masu iya lissafi da suka tsaya wa manoma.

Amma diyyar shuka tana da makanta. Tana ganin wanda ya yi noma, ba ta ganin wanda ke cin moriyar ƙasa ta wata hanya. A kurmin kudancin Kamaru, tsakanin Lolodorf da Bipindi da Kribi, akwai mutanen Bagyeli, 'yan asalin wannan daji, masu rayuwa da farauta da zuma da tsirrai na magani. Dokar ƙasa ba ta san su da mallakar fili ba, da yawansu kuma ba su da ko katin shaidar ɗan ƙasa. Da aka zo rabon diyya, mafi yawanta ta tafi ga maƙwabtansu manoma na bakin hanya, su kuwa aka bar su da daji da aka keta da namun da suka gudu. Duk wanda ya san zaman manomi da makiyayi a ƙasarmu ya san wannan matsala ba baƙuwa ba ce. Burtali da mashaya da makiyaya ba su da shukar da za a ƙidaya.

Fuska ta biyu ita ce kyauta ga gari. An bai wa ƙauyuka zaɓi tsakanin ayyuka irin su azuzuwan makaranta da rijiya da rumfunan kasuwa, kamfani ya gina. Su kuma Bagyeli aka tanadar musu shiri na musamman a ƙarƙashin wata gidauniya mai suna FEDEC, wadda kamfanin bututun na ɓangaren Kamaru ya zuba wa dala miliyan 3.5. Wannan kuɗi an raba shi ne tsakanin kula da gandun daji biyu, Campo-Ma'an da Mbam-Djerem, da kuma shirin Bagyeli na lafiya da ilimi da noma da samar da takardun shaida, kuma rabon gandayen ya fi na mutanen yawa. Ba za mu musa ba, an sami yaran da suka shiga makaranta da manyan da suka sami katin shaida ta wannan hanya. Sai dai kuɗin kaɗan ne idan aka raba shi a kan shekarun da ake sa ran bututun zai yi yana aiki, kuma tushen matsalar, wato haƙƙin ƙasa, ba a taɓa shi ba. Koke-koken jama'a sun kai har gaban kwamitin bincike na Bankin Duniya, daga Chadi a 2001, daga Kamaru a 2002.

Mu malamai mun fi kowa sanin iyakar kyautar gini. Aji bango ne da rufi da allo. Kamfani yana iya gina shi cikin wata uku, a yanke ƙyalle, a ɗauki hoto. Malamin da zai tsaya a cikinsa kuwa albashinsa na kowane wata ne, shekara da shekaru, ga alli da littattafai da gyaran rufi bayan kowace damina. A Chadi har yau kaso mai yawa na malaman firamare malaman al'umma ne, waɗanda iyayen yara ke tattara kuɗi su biya. Ginin da ba a ɗaura masa malami ba, nauyi ne aka ƙara wa iyayen da aka ce za a taimaka wa.

Fuska ta uku ita ce ta doka, kuma ita ce aka fi ɗora wa buri. A watan Janairun 1999 Chadi ta kafa dokar sarrafa kuɗin mai. Dokar ta ce a ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin da gwamnati ke samu kai tsaye a ajiye wa zuriya mai zuwa. Daga abin da ya rage, kashi 80 ya tafi ga muhimman fannoni irin su ilimi da lafiya da raya karkara da ruwa da hanyoyi, kashi 5 kuma ga yankin da ake haƙo man. An kafa kwamitin sa ido mai mutum 9, 4 daga cikinsu daga farar hula, har da wakilin ƙungiyoyin ƙwadago. 'Yan'uwa, wannan kujera irin tamu ce.

To me ya faru? Tun a 2000, daga kuɗin sa hannu na dala miliyan 25 da aka biya gwamnati, waɗanda ba su shiga ƙarƙashin dokar ba, an kashe kimanin miliyan 4.5 wajen sayen makamai. A watan Disambar 2005 majalisar ƙasar ta yi wa dokar gyara, ta soke asusun zuriya mai zuwa, ta shigar da tsaro cikin muhimman fannoni, a lokacin da gwamnatin Idris Deby ke fama da 'yan tawaye. Bankin Duniya ya dakatar da rancensa a farkon 2006, aka yi sulhu na ɗan lokaci, daga bisani a watan Satumbar 2008 bankin ya janye gaba ɗaya, bayan Chadi ta biya shi bashinsa kafin wa'adi. Da mai ya fara kawo kuɗi, mai ba da rance ba shi da sauran abin da zai riƙe gwamnati da shi.

Kamfanonin ma baƙi ne. Chevron ya sayar da rabonsa ga gwamnatin Chadi a 2014, ita kuwa ta saya da bashin sama da dala biliyan 1 daga kamfanin Glencore. Cikin wannan shekara farashin mai ya fara faɗuwa. A 2016 gwamnati ta fito da matakan tsuke bakin aljihu guda 16, ciki har da zabtare alawus na ma'aikata, malamai suka shiga yajin aiki, makarantu suka zauna a rufe tsawon watanni, aka kuma maimaita a 2018. ExxonMobil ya sayar da nasa rabon a ƙarshen 2022. Bututun yana nan kwance a ƙarƙashin gonaki, waɗanda suka yi alkawarin farko sun tafi.

Kada mu ɗauka ko'ina haka abin yake ƙarewa. A Kanada, a 2022, al'ummomi 23 na 'yan asalin ƙasar da ke arewacin jihar Alberta sun sayi kashi 11.57 cikin 100 na bututai 7 na kamfanin Enbridge a kan dalar Kanada biliyan 1.12, wata hukumar jihar ta tsaya musu a wani ɓangare na rancen. Yanzu ribar tana shiga hannunsu a matsayin masu hannun jari, su ne ke yanke abin da za a yi da ita. Abin da ya kai kamfanoni ga wannan mataki sananne ne: tsarin mulkin Kanada na 1982 ya tabbatar da haƙƙin 'yan asalin ƙasa, kotun ƙoli a 2004 ta wajabta wa gwamnati tuntuɓarsu, kuma a 2016 da 2018 kotu ta soke izinin manyan bututai biyu saboda ba a yi tuntuɓar yadda ya kamata ba. Inda jama'a ke da haƙƙin da kotu za ta iya tilastawa, kamfani yakan zauna da su a matsayin abokan ciniki. Wannan shi ne darasin da muke so mu riƙe: taimakon da ke ɗorewa shi ne wanda aka rubuta, jama'a ke da hannu a sarrafa shi, kuma suke da inda za su kai ƙara idan aka saɓa.

A gida Nijeriya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, kuma idan aka karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar tana kan abin da ke bisa filin ne, kamar shuka da gini. Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 kuma ta zo da asusun raya al'ummomi masu masaukin baƙi. Ta wajabta wa kamfanonin da ke haƙo mai su zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwarsu na shekarar da ta gabata. Kashi 75 na asusun na ayyuka ne, 20 na ajiya, 5 na gudanarwa. Bunƙasa ilimi yana cikin manufofinsa, dokar kuma ta ce a binciki bukatun al'umma kafin a tsara ayyuka. Akwai wani sharaɗi da ya kamata kowa ya sani: idan aka fasa bututu ko aka yi ɓarna, ana iya cire kuɗin gyara daga rabon al'ummar wurin.

To mene ne namu? Da farko, mu zama masu karatu da lissafi ga garuruwanmu. Kada manomi ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa da harshensa ba, kuma a bar masa kwafi. A ƙididdigar diyya mu tuna da waɗanda ba a gani: mai aron gona, da gwauruwar da ke noman gayauna, da makiyayin da aka datse wa burtali.

Na biyu, mu nemi dagatai da hakimai da shugabannin ƙananan hukumomi su tambayi masu bututun a rubuce wane tanadi doka ta yi wa garuruwan da ke kan hanya, wane ne ke riƙe da shi, kuma wa zai gaji alkawarin idan kamfani ya canza hannu.

Na uku, duk inda za a zauna tantance bukatun gari, reshenmu ya nemi kujera, tare da kwamitin gudanar da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai. Idan an ce za a gina aji, mu tambaya tun kafin a aza harsashi: hukumar ilimi ta amince za ta turo malamai? Akwai ruwa da banɗaki, musamman don 'yan mata? Wa zai yi gyara? Sau da yawa gidan malami, ko horar da 'yan gari su sami takardar shaidar malanta, ya fi sabon gini amfani.

Na huɗu, mu koya wa yara haɗarin bututu. Ba mu manta da gobarar Jesse a jihar Delta ba, a watan Oktoban 1998, inda ɗaruruwan mutane suka hallaka wajen ɗibar man da ya tsiyaye. Ba a haƙa rami, ba a gini, ba a kunna wuta a kan hanyar bututu. Wannan darasi ba ya jiran tallafin kowa.

Muna roƙon kwamitin zartarwa ya naɗa 'yan ƙalilan daga cikinmu su tattara sunayen makarantun da ke kusa da hanyar bututun, da abin da aka yi wa kowane gari alkawari, da abin da aka cika, su kawo mana rahoto a zama na gaba. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar yaran da aka danƙa mana, Ya sa arzikin ƙasa ya amfani mutanenta.