Ambaton Zubaida 'yar Ja'afaru, mai shayar da alhazai

Bismillahir rahmanir rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, zancenmu na yau a kan wata mace ne ta Bagadaza, Zubaida 'yar Ja'afaru, jikar Halifa Mansur, matar Haruna Rashid, uwar Muhammadu Amin. Sunanta na yanka Amatul Azizi. Kakanta ne ya laƙaba mata Zubaida tana ƙarama, ma'anarsa ɗan curin man shanu, har laƙabin ya danne suna.

Ku sani Makka gari ne na ƙishirwa. Masu tarihi sun ce a zamaninta salkar ruwa guda takan kai dinari a kwanakin hajji. To, mai dinari ya sha, fakirin da ya taho da ƙafa ina zai samu? Da Zubaida ta yi hajji ta ga wannan hali, sai ta tara magina da masu haƙa, ta umarce su su jawo ruwa daga Hunaini zuwa Makka, kuma daga kwarin Nu'umana zuwa Arfa. Wakilinta ya tsorata da yawan kuɗin, ta ce a yi aikin ko da kowane saran gatari zai ci dinari.

Ga yadda suka yi. Suka haƙa magudana a ƙarƙashin ƙasa tun daga gindin duwatsu, suka gina ta da dutse, suka karkata ta kaɗan kaɗan domin ruwa ya gangara da kansa, ba guga ba raƙumi. Bisa tazara suka huda rijiyoyi zuwa cikinta, domin a sauka a yashe. Ruwan Nu'umana ya biyo ta Arfa, ya wuce Muzdalifa, ya tsaya kusa da Mina. Sai bayan shekara fiye da 700 wata 'yar Sarkin Istanbul Sulaimanu ta biya aka ƙarasa shi cikin Makka, mace ta cika aikin mace. Alhazai sun sha daga gare shi shekara fiye da 1,000, da kakanninmu da suka bi ta Sudan a ƙasa. Yau ruwan Makka mafi yawansa daga teku ake tace shi.

Sa'an nan hanyar Kufa zuwa Makka, fiye da mil 800 cikin hamada. Gaskiya ita ce halifofin da suka gabace ta sun fara gyaranta, kada mu tauye musu haƙƙi. Amma tafkunan dutse da rijiyoyi da zangon da ta ƙara sun yi yawa har hanyar ta ɗauki sunanta. Ibnu Jubairu ya bi ta a shekara ta 580 ta hijira, wato 1184, ya ga tafkunan, ya jingina su gare ta.

Kada wani ya ce mai dukiya ce, ba ta san zafi ba. Mijinta ya rasu a 193. Yaƙi ya tashi tsakanin ɗanta Amin da ɗan'uwansa Ma'amun, aka kashe Amin a Bagadaza a 198, ɗan da ba ta da wani sai shi. A ganina nan ne aka auna ta. Uwa ce da aka zubar da jinin ɗanta, ga ta da mabiya, amma ba ta tayar da fitina ba. Ta sulhunta da Ma'amun, shi kuwa ya mayar mata da dukiyarta, ya girmama ta girman uwa.

An ruwaito kuma gidanta akwai kuyangi 100 mahaddata Alƙur'ani, mai wucewa yakan ji sautin karatunsu kamar kukan zuma. Almajirai, ku ji wannan da kyau.

Ta rasu a Bagadaza a shekara ta 216, wato 831. Allah ya jiƙanta, ya shayar da ita yadda ta shayar da baƙinsa, ya jiƙan iyayenmu mata baki ɗaya. Wassalamu.