Shirun Inna: Yaƙi, Sirrin Gida da Ɗiyar da Ba Ta Tambaya Ba

 

Yau ina so mu yi magana a kan shirun uwa. Mun san shirun kunya, wanda ke hana mace kiran sunan ɗanta na fari. Wanda nake nufi ya fi wannan nauyi: shirun macen da ta ga yaƙi da idonta, ta tsira, ta yi aure, ta haihu, sannan ta ɗaure bakin labarin ta ajiye. Hausawa na cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. To amma abin da ciki ya ɓoye, ina yake zuwa in mai cikin ta rasu? Marubutan ƙagaggun labarai na tarihi sun daɗe suna bin wannan tambaya. Zan kawo muku littattafai biyu, ɗaya daga Amurka, ɗaya daga Habasha.

Na farko shi ne The Joy Luck Club na Amy Tan, wanda ya fito a 1989. Labarin iyaye mata huɗu ne da suka baro ƙasar Sin suka zauna a San Faransisko, da ɗiyansu mata huɗu da suka tashi a Amurka. Ɗaya daga cikin iyayen, Suyuan, ta gudu daga garin Kweilin lokacin da sojojin Japan suka doso shi a yaƙin duniya na biyu. Tana tafe a ƙasa da jarirai biyu mata, tagwaye. Ciwo ya kama ta a hanya har ta tabbata mutuwa za ta yi. Sai ta ajiye su a bakin hanya, ta sa musu ƴan kuɗi da kayan ado da hotuna a cikin tufafi, tana fatan wani mai imani ya ɗauke su. Ba ta mutu ba. Ta rayu shekaru da dama tana nemansu a ɓoye.

Ɗiyarta ta Amurka, Jing-mei, ta tashi tana ganin uwar a matsayin mace mai takura, wadda ba a iya gamsar da ita. Ta sha jin labarin Kweilin kamar tatsuniya, kullum da ƙarshe dabam. Sai bayan rasuwar uwar ne ƙawayenta suka faɗa mata cewa yayyenta suna raye, kuma ita ce za ta je ta ba su labarin mahaifiyarsu. Nan ta tsaya cak, don ta gane ba ta san matar da ta haife ta ba.

Kuma abin ba ƙage ne zalla ba. Mahaifiyar Amy Tan ta bar ɗiya uku mata a Sin lokacin da ta fito a 1949, kuma a 1987 marubuciyar ta raka ta can suka haɗu da su.

Littafi na biyu shi ne The Shadow King na Maaza Mengiste, na 2019. Yana magana a kan mamayar da Italiya ta Musolini ta yi wa Habasha a 1935, yaƙin da aka yi amfani da iska mai guba a kan mutane, sarki Haile Selassie ya yi hijira zuwa Ingila, ƴan ƙasa suka ci gaba da faɗa a duwatsu har 1941. Tauraruwar labarin ƴar aiki ce mai suna Hirut, marainiya, wadda ba ta gaji komai ba sai tsohuwar bindigar mahaifinta, ta kuma zama soja.

Ga abin da ya sa na kawo shi. Mengiste ta kwashe shekaru tana bincike, tana tara tsofaffin hotuna, tana neman sawun matan da suka yi wannan yaƙi. Sai da aikin ya yi nisa ne mahaifiyarta ta ambata mata cewa kakar gidansu, Getey, tana yarinya ta kai ƙarar mahaifinta don a ba ta bindigarsa, ta yi nasara, ta tafi fagen daga. Matar da take nema a ɗakunan ajiyar takardu ashe tana cikin jininta. Da ta nemi jin dalilin da ya sa ba a taɓa faɗa mata ba, amsar ita ce ba ta taɓa tambaya ba.

Ku duba waɗannan shirun guda biyu. Na Suyuan ciwo ne ya haife shi, da jin cewa ta yi laifin da ba a yafewa. Na gidan su Mengiste kuwa ba abin kunya a ciki, jarumta ce, amma labarin yaƙi a gida na maza ne, ba wanda ya ɗauka na mace ya isa a ba da shi. A duka biyun ɗiya ce ta tashi da rabin tarihinta.

Ni abin da na ɗauka a nan shi ne sirri ba ya zama a inda aka ajiye shi. Uwa na iya hana ɗiya labarin, amma ba ta iya hana ta tsoron. Yana fitowa a faɗan da ba a san dalilinsa ba, a hana fita bayan magariba, a firgita in an buga ƙofa da ƙarfi. Ɗiya ta ga hayaƙi, ba a nuna mata wutar ba, sai ta yanke hukunci cewa inna ba ta son ta. Ƙagaggen labari yana iya shiga wannan lungun da littafin tarihi na lakwal ba ya shiga. Littafin tarihi zai ba ka shekara da sunan janar. Ba zai faɗa maka abin da mace ta ji sa'ad da hannunta ya gaza ɗaukar jariri ba.

Wani zai ce, to wannan ai Sin ce da Habasha, mu ina ruwanmu? Mu ma muna da namu. Abdoulaye Mamani ya rubuta Sarraounia a 1980, a kan yaƙin Lugu na 1899 da rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta yi ɓarna mai muni a Birnin Ƙonni. Med Hondo ya mai da shi fim, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Mun samu sarauniya a littafi, madalla. Amma ina sauran matan, waɗanda suka goya yara suka shiga daji? Shi kansa Mamani ɗan Sawaba ne da ya yi zaman hijira. Bayan haramta jam'iyyar a 1959 da tarzomar 1964, an kama mutane da yawa, an kashe wasu, wasu sun bar ƙasa. Matansu da ɗiyansu ne suka riƙe gidajen, a lokacin da ambaton sunan miji kaɗai na iya jawo masifa. Waɗanda suka rage cikinsu yau tsofaffi ne tukuf. Sannan ga Diffa tun harin Fabrairun 2015. Yaran da aka gudu da su a goye yanzu sun fara wayo, kuma wata rana za su yi tambaya.

Sai dai ina so in ja hankalinmu, mu ƴan zamanin waya. Labarin inna nata ne. Akwai wadda aka ci zarafinta, akwai wadda ta bar wani a baya, akwai wadda ta san wanda ya tona asirin maƙwabci kuma jikokinsa suna nan unguwa ɗaya da ku. Shirun da ta yi shi ya tsare gidan shekara da shekaru. Ba daidai ba ne ki kunna waya ki ɗauki muryarta ba ta sani ba, gobe a gan ta a Facebook ko TikTok. In ta ce a bar maganar, a bar ta. Hakkinta ne.

To yaya ake tambaya? Kar ki faɗo mata da "Inna, me ya faru lokacin yaƙi?" Ki fara da ƙananan abubuwa, lokacin da kuke tsintar wake ko kina mata kitso. "Inna, wane gari kuka zauna kafin nan?" "Kaka, me kuke ci a wancan lokacin?" "Wace ce wannan a hoton?" Ki saurara, kar ki katse ta, kar ki gyara mata shekara don kin yi jami'a. In ta yarda ki rubuta, ki rubuta da Hausarta yadda ta faɗa, ki canza sunaye in akwai buƙata. Ku ma samari ban cire ku ba, amma ku sani akwai maganar da uwa ba za ta yi da ɗa namiji ba, don haka ku ba ƙannenku da yayyenku mata fili.

Masu sha'awar rubutu a cikinmu, ga aiki nan yana jira. Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya tarar da wanda zai tambaya. Jing-mei ta makara, sai daga bakin mahaifinta da ƙawayen uwarta ta tsinci labarin. Mengiste ta samu tata uwar da rai. Wanda innarsa ko kakarsa ke raye, ya je ya zauna kusa da ita cikin wannan mako.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.