Sin Cikin Yaƙin Japon: Ƙasa Ɗaya, Shugabanni Uku



Ranar 12 ga Disamba 1936, a garin Xi'an, Janar Zhang Xueliang ya kama shugabansa Chiang Kai-shek. Buƙatarsa guda ce: a daina yaƙar ƴan kwaminis, a fuskanci Japon, wadda ta cinye Manchuriya tun 1931. Chiang ya amince da baki, aka sake shi bayan mako biyu. Zhang kuwa ya sha ɗaurin talala fiye da shekara 50.

Ƙawancen da aka ƙulla a 1937 zaman doya da manja ne. Chiang ya koma Chongqing, Mao Zedong yana Yan'an, kowa ido ɗaya ga Japon, ɗaya ga ɗan'uwansa. A Janairun 1941 sojojin Chiang suka yi wa wata rundunar kwaminis ƙawanya a kudancin Anhui, dubbai suka halaka ko aka kame su, alhali maƙiyi na cikin gida.

Na ukun, Wang Jingwei, tsohon abokin hamayyar Chiang cikin jam'iyyar Kuomintang, ya kafa gwamnati a Nanjing a 1940 ƙarƙashin inuwar Japon. A can Nagoya ya mutu a 1944.